Motar da Ta Gaji Dawakin Reluwe

A Ingila, har farkon shekarun 1930, dawakai ne ke jan yawancin kayan da jirgin ƙasa ya sauke zuwa ƙofar masu su. A 1934 kamfanin Scammell ya fito da mota mai ƙafa uku, wadda ke juyawa a lungun da a da sai doki. Samfurin Scarab ya gaje ta a 1948, shekarar da reluwe ta koma hannun gwamnati.

Masu gina ƙananan tashoshin kwaikwayo kan ƙera waɗannan motoci bisa ma'aunin 1:76, suna kiyaye fenti: ja da ruwan madara a shekarun 1950, rawaya daga baya. Kuskuren launi kan jefa tashar cikin zamanin da ba nata ba.