Kilomita 1,000 tsakanin ɗalibin Gure da gidan tarihi

Na daɗe ina koyarwa a Gure kafin ƙafata ta taka gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, shekara guda kafin ƴancin kai. Na tsaya gaban ragowar bishiyar Tenere, wadda mota ta kaɗe a 1973, na zaga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, na duba tufafin ƙabilunmu. Abin ya burge ni, amma ɗalibaina ne a raina. Daga Gure zuwa Yamai ya haura kilomita 1,000, kuma iyaye nawa ne za su iya biyan kuɗin motar?

Mun saba ɗauka cewa irin wannan gida sai babban birni. A Japan ba haka aka fara ba. Gidan farko da aka keɓe wa zane-zanen Turai a ƙasar, a wani matsakaicin gari mai suna Kurashiki aka gina shi, a 1930. Attajirin masaƙu Ohara Magosaburo ne ya ba da kuɗi, abokinsa mai zane Kojima Torajiro ya je Turai ya sayo ayyukan Monet da El Greco. Daga baya aka ƙara da aikin Japanawa, har da tukwane. Yaron garin yana iya ganin na gida da na waje a wuni ɗaya, ya koma gida da ƙafa.

Mu kam, Turai ce ta zo ta dube mu. A watan Disamba na 1852 Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a Gure, ya gana da Muniyoma Koso, ya rubuta abin da ya gani, sannan ya wuce Damagaram. An buga littafinsa a Jamus da Ingila. Kuma ba attajirai muka rasa ba: fataucin Malam Yaro na Damagaram ya ratsa Sahara. Sai dai tara kayan kallo don jama'a bai shiga al'adar masu hannu da shuni ba, masallaci da rijiya suka fi sani, ban kuma ga laifinsu ba.

Da na dawo, na ce wa ƴan ajina kowa ya roƙi iyayensa aron wani tsohon abu. Aka kawo takobi, da tasar tagulla, da allon wani kaka. Wata yarinya ta zo hannu wofi: akwatin kakarta an sayar wa wani dillali bara.