Digirin Lissafi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma

Digirin lissafi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma karatu ne na shekara huɗu, wanda darussansa ke hawa kan juna daga aji ɗaya zuwa aji huɗu. An kafa jami'ar a shekarar 2011 a garin Dutsin-Ma na Jihar Katsina.

A aji ɗaya ana koyar da aljabara da tirigonometiri da kalkulas. A aji biyu ana shiga aljabarar matiriks da lissafin sauye-sauye, wanda ba ya yiwuwa sai da kalkulas. Aji uku da aji huɗu sun fi mayar da hankali ga kafa hujja, inda ake tabbatar da ƙa'idojin da aka yi aiki da su tun farko. Ɗalibi yana kammalawa da rubuta kundin bincike.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke tsara ginshiƙin manhajar. Tsarin da ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara da kanta.