Daga Sannu zuwa Kusu: Cutar Daji a Tarihin Damargu

Wani lokaci kalma ɗaya takan riƙe tarihin da takarda ta manta. Ni dai kalmar da ta tsaya mini ita ce "Sannu". Haka aka laƙaba wa annobar shanu da ta shigo ƙasashenmu wajen 1891, don gaisuwar jaje ta yi yawa a bakin mutane har ta zama sunan ciwon. Ciwon bushiya ne. Ya shigo Afirka ta tashar Massawa a 1887, cikin shanun da sojojin Italiya suka kawo, ya bi garke har Tafkin Cadi, ya wuto yamma. Bai tsaya kan shanu ba: ɓauna, gadu da raƙumin dawa duk sun sha shi. Mutum kam ba ya kamuwa, yunwar da ta biyo baya ce ta ci shi.

Lokacin nan daji cike yake. Barth, Bajamushen da ya sauka Damargu a Janairun 1851, ya ba da labarin raƙumin dawa a jejin da ke tsakaninmu da Abzin. Yau fa? Sai da aka ɗauko guda 8 a mota a 2018 aka kai gandun Gadabeji, yamma da Belbeji, kafin a sake ganinsu a yankin. Shi kuwa ciwon bushiya, an bayyana ƙarewarsa a duniya a 2011.

To sai mu ce shi ke nan, manyan namun daji sun tafi da cutarsu? Ina! Ƙananan suna nan, sun ma matso gida. A 1911 wani likitan Faransa, Stévenel, ya rubuta kan wani gyambo mai wuyar warkewa a yankin Damagaram, wanda likitoci ke kira lishmaniya. Ɗan ƙwaro ne da bai kai sauro ba ke sa shi da cizo, kuma binciken da aka yi a Senegal daga baya ya iske ƙwayar cutar a jikin kusan daji. Zazzaɓin Lassa ma, da aka gano a Barno a 1969, daga fitsari da kashin wani kusu yake shiga abinci.

Ga inda harshe ke ruɗinmu. Mu "kusu" kawai muke cewa, alhali iri-iri ne: mai tone irin hatsi bayan shuka a gonakin Tanut daban, mai kwana cikin rumbu daban, kuma kowane da irin ƙwayoyin da yake iya ɗauka. Duk gonar da aka sara cikin jeji, kusun daji da na gida sun ƙara kusantar juna ke nan.

Shi ya sa nake roƙonmu, ƴan'uwa ɗalibai, in an tafi hutu mu zauna da tsofaffin maharba da makiyaya, mu rubuta sunan kowace dabba da ciwon da suke danganta mata, da Hausa, Tamashek da Fulatanci. Likitan da ya san sunan da mutanen ƙauye ke kiran ciwo zai riga annoba isa garin. Kada mu jira sai wata "Sannu" ta sake samun suna.