Tarihin Kalmar "Belief" a Harshen Ingilishi

"Belief" kalma ce ta Ingilishi da ke nufin yarda da cewa wani abu gaskiya ne. Ƙamusoshi sun saba kawo wannan ma'ana ta yau kaɗai, alhali ba da ita kalmar ta fara ba.

A tsohon Ingilishi ana cewa "geleafa", 'yar'uwar "Glaube" ta Jamusanci. Sigar "bileave" ta bayyana a rubuce a ƙarshen ƙarni na 12. Masana asalin kalmomi sun danganta ta da tushen da ya haifi "love", wato ƙauna. Ke nan a wancan zamani, wanda ya yi amfani da ita game da Allah yana nufin ya ba da zuciyarsa, ya dogara gare shi.

Sauyin ya biyo bayan mamayar da Normawa suka yi wa Ingila a 1066, lokacin da Faransanci ya zama harshen fada da kotu. A ƙarni na 13 kalmar "faith" ta shigo daga tsohon Faransanci, asalinta kuwa "fides" ta Latin, mai nufin amana. Da yake malaman coci da Latin suke karatu, sai sabuwar ta fi kwanta musu, ta karɓe fagen addini sannu a hankali. Zuwa ƙarni na 16, "belief" ta koma nufin amincewar hankali kawai. Babbar hujja ita ce fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611: "faith" ta zo ɗaruruwan sau, "belief" kuwa sau ɗaya tak, a wasiƙa ta biyu zuwa ga Tasalonikawa. Aikatau "believe" dai ya tsira a nassin, domin "faith" ba ta da aikatau da ake amfani da shi.

Wilfred Cantwell Smith, masanin addinai ɗan Kanada, ya bi diddigin wannan sauyi a littattafansa "Belief and History" na 1977 da "Faith and Belief" na 1979. A ganinsa, kalmar ta tashi daga dogaro ga wani ta koma riƙe ra'ayi, har da wanda ake shakkarsa.

A yau "belief" ta shafi addini, siyasa, har da camfi. Duk mai karanta tsohon rubutun Ingilishi ya kula da zamanin da aka yi shi kafin ya yanke ma'anarta.