Garwa da Tarihin Kare Ma'aikatan Ɗakin Gwaje-gwaje

Gabatarwa

Idan ana ba da tarihin yaƙi da annoba, an fi ambaton likita da mai allurar riga-kafi. Ba kasafai ake tunawa da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ba, alhali shi ne yake buɗe kwalbar jinin da kowa ke gudu. Wannan maƙala ta dubi birnin Garwa da ke bakin kogin Binuwai a arewacin Kamaru, domin nuna cewa ƙa'idojin da ke tsare wannan ma'aikaci an same su ne bayan an yi asarar rayuka, kuma lafiyar jama'a da ta dabbobinsu ta rataya a kan kiyaye su.

Darasin da Aka Saya da Rai

A shekarar 1969 wata baƙuwar cuta ta ɓulla a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, kusa da iyakar Kamaru. Aka aika da jinin waɗanda suka kamu zuwa Jami'ar Yale a Amurka. A can ne masanin ƙwayoyin cuta Jordi Casals ya kamu, ya sha da ƙyar, sannan wani ma'aikacin ɗakin gwajin mai suna Juan Roman ya kamu ya rasu. Wannan ya sa aka dakatar da aiki da rayayyar ƙwayar a Yale, aka mayar da shi wani killataccen ɗaki a birnin Atlanta. A farkon 1970 kuma likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa a Jos, cutar ta kama ta, ta rasu. Haka nan a 1978 cutar agana ta kuɓuce daga wani ɗakin gwaji a Birmingham ta Ingila, ta kashe Janet Parker, mai ɗaukar hoto da ke aiki a ginin. Ita ce mutum ta ƙarshe da aka san agana ta kashe a duniya.

Irin waɗannan abubuwa ne suka share fagen littafin ƙa'idojin tsaron ɗakin gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitarwa a 1983. An kasa ƙwayoyin cuta gida huɗu gwargwadon haɗarinsu, aka kuma tanadar wa kowane gida irin ɗakin da ya dace da shi.

Yadda Garwa ta Shigo Cikin Labarin

A wannan shekara ta 1983 cutar bushiya ta sake afka wa shanun yankin, bayan an zaci gangamin riga-kafin da aka faro a ƙasashen Tafkin Cadi a 1962 ya ci ƙarfinta. Makiyaya a arewacin Nijeriya da Kamaru sun yi asarar da ba a manta da ita ba. A shekarar ce gwamnatin Kamaru ta kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa, wato LANAVET, a Bokle kusa da Garwa, domin gano cututtuka da kuma haɗa allurar riga-kafi. Bayan shekara biyu, a 1985, cibiyar Pasteur ta Kamaru, wadda aka kafa a Yawunde tun 1959, ta buɗe reshenta a Garwa domin cututtukan mutane, musamman irin su sanƙarau da kwalara da suke addabar arewa.

Da wannan ne Garwa ta zama matattarar samfura daga rugage da asibitoci. Bushiya dai ba ta kama mutum, amma akwai cututtukan dabbobi da suke tsallakowa: ciwon saifa, da bakkale, da haukan kare, da murar tsuntsaye. Bakkale ta yi ƙaurin suna a duniya wajen kama ma'aikatan ɗakin gwaji, domin shaƙar ƙwayarta kaɗan ta isa. Sa'ad da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, sannan aka gano ta a jikin agwagi a Marwa a watan Maris, ya bayyana cewa mataccen tsuntsun da aka kawo gwaji zai iya zama ajalin wanda ya feɗe shi.

Ƙa'idojin da Suke Tsare Rai

Yawancin ƙa'idojin ba su da tsada. Ba a zuƙar ruwan gwaji da baki ta bututu, kamar yadda aka saba a da. Ba a ci ba a sha a ɗakin. Ana sa riga da safar hannu, ana cire su kafin fita, ana wanke hannu. Allurar da aka yi aiki da ita ba a mayar mata da murfi, sai a jefa ta cikin akwati mai ƙwari. Duk abin da zai iya tashi cikin iska ana buɗe shi ne a cikin akwatin gilashi mai tace iska. Sharar gwaji kuwa sai an turara ta a tukunyar turiri mai zafin digiri 121 kafin a ƙone ta. Wanda ke hulɗa da haukan kare ana yi masa riga-kafi tun kafin ya fara aiki, kuma duk wanda ya yanke ko ya soke kansa wajibi ne ya sanar nan take, ba tare da tsoron tsangwama ba.

Sai dai yanayin Garwa yana gwada waɗannan ƙa'idoji. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, lokacin da safar hannu da takunkumi suke zama azaba, ma'aikaci kuma ya ji sha'awar cire su. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Firiji da akwatin tace iska duk da lantarki suke aiki, yankin kuma ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo, wadda ƙarfinta ke raguwa idan ruwa ya ja baya. Saboda haka injin ko-ta-kwana da mai gyaran na'ura suna cikin masu tsare ran ma'aikaci. Ko a ƙasashe masu arziki sakaci da gyara yana da sakamako: a 2007 cutar boru ta fita daga harabar bincike ta Pirbright a Ingila, bincike ya danganta hakan da lalatattun bututun magudanar ruwa.

Kammalawa

A 2011 aka bayyana cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa. Tun daga nan babu inda ƙwayarta ta rage sai a firijin ɗakunan gwaji, shi ya sa aka nemi ƙasashe su lalata abin da suka ajiye ko su miƙa shi ga cibiyoyin da aka amince da su, kamar ta Tarayyar Afirka da ke Bishoftu a Habasha. Ma'ana, abin da zai hana bushiya komawa rugar makiyayi a yau shi ne ƙofar da ma'aikaci ya kulle da rajistar da ya cike. Hausawa sun ce riga-kafi ya fi magani, kuma a Garwa riga-kafin garke yana farawa ne daga lafiyar wanda ya haɗa allurar.