Akwatin agaji a bakin layin dogo: yadda ma'aikatan Kafanchan suka riƙa koyo suna kan aiki

Sunan unguwar Bayan Loko kaɗai ya isa ya gaya wa baƙo abin da ya gina Kafanchan. Loko ita ce rumfar da ake ajiye kan jirgi, a wanke shi, a duba shi, a gyara. Tun da har unguwa guda ta samo sunanta daga zama a bayanta, ka san ba ƙaramin wuri ba ne a rayuwar garin.

Turawa sun fara shimfiɗa layin dogo na gabas daga Fatakwal a 1913, ya isa Inugu a 1916 saboda kwal. Daga nan aka nufo arewa ta Makurɗi, kuma zuwa 1927 layin ya ratsa Kafanchan ya haɗu da na Kaduna, wani reshe kuma ya hau tsauni zuwa Jos don kwasar kuza. Gadar Binuwai a Makurɗi sai a 1932 aka buɗe ta. Shekara guda bayan haka, a 1933, Sarkin Jama'a ya baro Jama'ar Daroro ya dawo da fadarsa kusa da tasha. Wato dai cikin shekaru kaɗan ƙasar Fantswam ta zama mahaɗar hanyoyi uku, mutane suka yi ta kwararowa daga ko'ina don neman aikin albashi.

An sha ba da wannan tarihi ta fuskar ciniki da siyasa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne Reluwe makaranta ce, kuma ɗalibanta ba yara ba ne. Magidanta ne masu iyali da ba su da lokacin zama a aji. Hanyar zama direban jirgi a zamanin kwal doguwa ce: mutum zai fara da goge inji a loko, yana shafa mai yana gane sunan kowane ƙarfe. Bayan shekaru sai a ɗaga shi ya zama mai zuba kwal a wuta, yana tsaye kusa da direba yana koyon hanya, inda ake hawa, inda ake gangara, inda birki ke buƙatar hattara. Sai ya ci jarrabawa kafin a damƙa masa jirgi. Haka masu gyara a loko da masu kula da layi, kowa na da matakin da zai taka, kuma duk tsawon lokacin koyon albashinsa na tafiya. Wannan shi ne sirrin abin. Ba a ce wa mutum ya ajiye aiki ya je ya koyo ba, an saka koyon ne a cikin aikin.

Ba wai ana yabon Turawa ba ne. Shekaru da dama manyan muƙamai nasu ne su kaɗai, aikin akawu da na ƙwararru yawanci na hannun waɗanda suka zo daga Kudu da takardar makaranta, 'yan ƙasa kuma aka bar su da diga da shebur. Ma'aikatan Reluwe ne ma kan gaba a yajin aikin gama-gari na 1945, ƙarƙashin Michael Imoudu, saboda albashi ya kasa tsadar rayuwa. Amma tsarin koyarwar kansa yana da abin dubawa.

Cikin abubuwan da wannan tsari ya zo da su akwai taimakon gaggawa. Aikin jirgi aiki ne mai cin yatsu. Mai haɗa taragu na shiga tsakanin ƙarfe biyu masu nauyin tan-tan, mai zuba kwal na fama da wuta da tururi, lebura a kan layi na iya yin nisan mil da yawa daga kowane asibiti, ga maciji a cikin ciyawa. Idan abu ya faru, wanda ke kusa ba likita ba ne, abokin aiki ne.

Ingila ta riga ta ci karo da wannan matsala. A 1877 aka kafa ƙungiyar St John Ambulance don koya wa mutanen gari yadda za su taimaki wanda ya ji rauni kafin a kai shi ga likita. A farkon 1878 wani likitan soja, Peter Shepherd, tare da Kanar Francis Duncan, suka buɗe aji na farko ga jama'a a Woolwich, kusa da Landan. Waɗanda suka fi rungumar abin su ne ma'aikatan jirgin ƙasa, masu haƙar kwal da 'yan sanda. Darussan gajeru ne, ana yin su bayan tashi daga aiki, a ƙarshe likita ya jarraba mutum a ba shi takardar shaida, kuma takardar ba ta har abada ba ce, sai an dawo an sake jarrabawa. Kamfanonin jirgi har gasa suke shiryawa tsakanin tashoshi. Wannan al'ada ta biyo layin dogo zuwa ƙasashen da Ingila ta mallaka, shi ya sa a Najeriya ma St John ta yi ƙarfi a cikin Reluwe da rundunar 'yan sanda. Reluwe kuma ta riƙe nata sashen lafiya, da asibitinta a Ebute Metta ta Ikko.

Don a ga bambanci, a dubi filayen kuza da ke maƙwabtaka. Ƙasar nan ma an haƙi kuza: a wajen haƙar ne aka tono kawunan yumɓu na Nok a 1928, da kuma kan nan na Jama'a da ya isa hannun Bernard Fagg a 1943. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, gwamnati ta tilasta wa dubban manoma zuwa haƙar kuza a Filato, abin da kakanninmu ke kira diban gwamna. Mutane da yawa sun mutu saboda sanyi, yunwa da cuta. Leburan da aka ɗebo na 'yan watanni babu wanda ya damu ya koya masa komai, domin idan ya faɗi za a ɗebo wani. Reluwe kuwa ta kashe shekaru tana rainon direba, don haka rasa hannunsa asara ce gare ta. A ganina nan ne gaskiyar maganar take: ana koya wa ma'aikaci kare kansa ne a inda ake ganin yana da tsada.

Doka ta biyo baya. An yi dokar diyyar ma'aikata a 1941, dokar masana'antu a 1955, shekarar da Reluwe ta tashi daga sashen gwamnati ta zama hukuma mai cin gashin kanta. Dokar masana'antu ta 1987, wadda ake aiki da ita har yanzu, ta ce dole a ajiye akwatin taimakon gaggawa inda hannu zai kai gare shi da sauri, a ƙara wani akwatin kan kowane ƙarin ma'aikata 150, kuma a damƙa shi ga wani mutum takamaimai da za a iya samu a duk lokacin aiki. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci. Akwati babu mai sanin amfani da shi kabad ne kawai, sau da yawa ma makullinsa na aljihun wanda ya tafi hutu.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun sa ƙwararrun ma'aikata 'yan Gabas da yawa sun bar Arewa, kuma hannun da ya ƙware ba a maye gurbinsa da takardar sanarwa. A watan Fabrairu na 1970 jirgi ya yi mummunan haɗari a Langa Langa, kusa da Gudi, a kan layin da ke tsakanin Kafanchan da Makurɗi, aka rasa rayuka masu yawa. Manyan motoci suka ƙwace dakon kaya. An kawo Indiyawa suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, ta ɗan farfaɗo, ta sake komawa. Aka yi ta rage ma'aikata, 'yan fansho suka yi ta jira. Loko ta yi shiru.

Gwamnati ba ta zauna haka nan ba. A 1971 ta kafa asusun horar da ma'aikata, ITF, mai hedikwata a Jos, inda masu ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya, a mayar musu da wani kaso idan sun horar da mutanensu. An kafa cibiyar malamai ta ƙasa, NTI, a Kaduna a 1976, don malamin da ke koyarwa ya ƙaro ilimi ba tare da ya bar ajinsa ba, kuma malamai da dama a yankin nan ta wannan hanya suka samu takardarsu, suna karatu a ƙarshen mako. Hukumar samar da aikin yi, NDE, ta zo a tsakiyar shekarun 1980 da shirin tura matasa wajen masu sana'a. Jihar Kaduna na da cibiyoyinta na koyon sana'a da ake kira BATC. A Bayan Loko kanta, gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta koya wa mutane kwamfuta, ta ba mata rance, a unguwar da a da ake koyon gyaran injin tururi. Ta fuskar lafiya kuma yankin ba matalauci ba ne: ga kwalejin jinya da ungozoma a Kafanchan, ga makarantar koyon aikin lafiya ta ECWA a Kagoro, ga asibitin St Louis a Zonkwa.

To amma ina ma'aikatan suka koma? Sun koma gareji, rumfar walda, injin niƙa, injin yanka katako, kan babur, da gonar citta daga Kachia zuwa Kwoi. Dokar masana'antu da kuɗin ITF duka suna magana ne da mai kamfani, wanda ke da rajista da takardar albashi. Ɗan acaɓa ba shi da ubangidan da mai duba masana'antu zai je wa. Manomin da ke feshin maganin ciyawa ba riga ba takalmi shi ne shugaban kansa. Yaron da ke koyon kanikanci zai shekara biyar wajen maigidansa, ya iya sauke giya ido rufe, amma ba lallai a taɓa nuna masa abin da zai yi idan mota ta zame daga jak ta danne wani ba. Sana'ar ta ci gaba da wucewa daga hannu zuwa hannu kamar yadda aka saba. Ilimin agajin ne ya rasa mai ɗaukarsa.

Gurbin da ya bari kuwa an cike shi da abin da aka ji a bakin wani. Ana zuba wa ƙuna baƙin mai ko man goge baki ko ɗanyen ƙwai, alhali abin da ake so shi ne ruwa mai sanyi mai tsabta ya yi ta zuba a kai kamar minti ashirin. Ana ɗaure ƙafar wanda kububuwa ta sara tamau, a tsaga wurin da reza, alhali abin yi shi ne a hana ƙafar motsi a garzaya asibiti mai allurar dafi. Ana ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara, abin da kan iya shaƙe shi. Wanda ya faɗo daga babur a kan cicciɓe shi ta hannu da ƙafa, wuya na reto. Jini kuwa, mafi yawan lokaci danna wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, ba ɗagawa ana leƙawa, shi ne ke tsayar da shi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar takardar sakandare.

Akwai masu cewa talaka mai neman na yau ba zai bar aiki ya zauna ana koya masa ɗaurin bandeji ba. Gaskiya ne ba zai ba da mako guda ba. Amma an gwada a Ghana wajen shekara ta 2000: likitoci a Kumasi sun lura cewa direbobin haya ne ke kai yawancin waɗanda suka yi haɗari asibiti, sai suka shirya musu darasi na awa shida kacal, da nuni da gwaji maimakon rubutu, da kayan da ake samu a kowace mota. Direbobi fiye da 300 suka halarta, kuma da aka bi sawunsu daga baya an tarar da yawansu sun yi amfani da abin da suka koya a kan hanya.

Mu a nan ba daga sifili za a fara ba. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya, wadda dokar 1960 ta kafa, tana koyar da taimakon gaggawa. 'Yan agajin masallatai da 'yan Boys' Brigade da Girls' Brigade na coci-coci sun saba da horo da layi. Abin da Reluwe ke da shi wanda yau ya warwatse shi ne wuri guda da ma'aikata ke taruwa, da mai iko da zai ce yau ranar koyo ce. Wannan iko yanzu yana hannun ƙungiyoyi: ta direbobi a tasha, ta 'yan acaɓa da masu Keke Napep, ta makanikai, ta mata 'yan kasuwa, ta manoman citta. Kowace na da ranar taro, tana karɓar kuɗin ƙungiya, tana cin tarar wanda bai zo ba. Awa shida idan aka raba su gida uku, taro uku ke nan, kuma malaman jinyar da za su iya koyarwa suna nan cikin gari, tafiyar 'yan mintuna a babur daga tsohuwar loko.