Yadda iyayen yara masu nakasa suka samu hanyar kai koke a Amurka

 Yau ina so in ɗan taɓo mana tarihi, musamman mu da ke karanta ilimin masu buƙata ta musamman, don wata rana mu ne za mu tsaya tsakanin makaranta da iyaye.

Kafin 1975, makarantun gwamnati a jihohin Amurka da yawa suna iya ce wa uba ya koma da ɗansa gida saboda nakasa, kuma ba shi da wurin kai ƙara. Majalisar ƙasar da kanta ta ce yara kusan miliyan ɗaya ne aka bari a waje gaba ɗaya.

Iyaye ne suka fara tayar da maganar a kotu. A 1971 ƙungiyar PARC ta maka jihar Pensilbaniya, aka ƙare da yarjejeniya cewa dole jihar ta ba yara masu raunin fahimta ilimi kyauta. A 1972 kuma aka yi shari'ar Mills a birnin Washinton a kan yara 7. Hukumar ilimi ta ce ba ta da kuɗi, alƙali ya ce rashin kuɗi ba hujja ba ne, kuma ba a cire yaro sai an saurari iyayensa.

Daga nan ne shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar 1975, wadda aka sauya mata suna zuwa IDEA a 1990. To, hanyoyin koke da ake da su yau ba rana ɗaya suka zo ba.

Akwai zaman sauraron ƙara, wanda ya zo tun 1975. Iyaye da makaranta kowa ya kawo shaidu gaban jami'in da ba ya ɓangaren kowa, kuma yaron yana nan a ajinsa har a gama. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara har kotu.

Akwai rubutaccen koke zuwa ga hukumar ilimi ta jiha. Wannan kowa na iya rubutawa, ko da ba ɗansa ba ne, kuma ana so a ba da hukunci cikin kwana 60.

Da aka ga shari'a na cin kuɗi tana kuma ɓata zumunci, gyaran 1997 ya wajabta wa jihohi samar da mai shiga tsakani kyauta, in ɓangarorin biyu sun yarda. Gyaran 2004 ya ƙara zaman sulhu cikin kwana 15 da shigar da ƙara.

Ba kullum iyaye ke nasara ba fa. A shari'ar Rowley ta 1982, Kotun Ƙoli ta ƙi tilasta wa makaranta ɗaukar tafinta ga wata yarinya kurma, tunda tana cin jarrabawa. Sai a 2017, a shari'ar Endrew, kotun ta ce ɗan ci gaba kaɗan bai wadatar ba.

Mu a nan, Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya a Janairun 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020, kuma tana karɓar koke. Amma uban da aka mayar wa da ɗa makaho a ƙauye, ya san da wannan? Yawancin iyayenmu sai su ce ƙaddara ce, su yi shiru.

Abin da na ɗauka daga tarihin nan shi ne, haƙƙin da ba a faɗi ƙofar da za a ƙwanƙwasa da ranar ba da amsa ba, a takarda yake ƙarewa. In mun je hutu, kowa ya bincika makarantar garinsu: idan aka ƙi karɓar yaro, wa ake kai wa ƙara? Ku rubuto abin da kuka samu mu haɗa. Allah ya sa mu amfani al'ummarmu.